Kofin Alhaji a Bene na Bakwai

Allah ya albarkaci Zangon Kumasi da masana, amma ba a taɓa yin kamar Alhaji Abdul-Kudus ba. Shagonsa na kayan gyaran mota yana unguwar Suame, sai dai iliminsa ya fi ƙarfin shagon. Shekara ashirin ke nan ba a ji ya yi tambaya ba. Ko hanya ce ta ɓace masa, ya gwammace ya zaga unguwar Krofrom sau uku da ya sauke gilashin mota ya ce wa wani don Allah. Kana soma ba shi labari zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Saboda girmamawa, mutanen unguwa suka raɗa masa Alhaji Na-Sani.

Bana ya gano wani babban otal a cikin gari. Kowace Asabar bayan la'asar yakan hau bene na bakwai, inda manya ke ɗarewa kan kujeru masu dogayen ƙafafu suna shan abin da ake haɗawa a girgiza. Zai buɗe takardar abin sha, ya lumshe ido kamar mai nazari, ya dangwala yatsa kan layin da ya fi tsawo. A kawo masa kofi mai siririn wuya, da yankan lemo a baki, da 'yar laimar takarda. Kafin magariba duk wayar da ke Zango ta ga hoton laimar nan.

"Ruwan 'ya'yan itacen ƙasashen waje ne," yake gaya wa masu shayi. "Harshen da ya tashi da koko ba zai gane shi ba."

Ana haka damina ta cika kwatar unguwa, ruwa ya shiga gidaje. Dattawa suka ce a kafa kwamiti, a sami shugaban da zai riƙa karanta takardun hukuma yana sa hannu da sunan jama'a. Alhaji ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, har ya ɗinka babbar riga dominta. Don a ga inda yake gogayya da manya, ya gayyato otal ɗin dattawa biyun da maganarsu ke yanke zance: Malam Kamaluddin mai makarantar Islamiyya, da Baba Umoru tsohon tela.

A bakin ƙofa Baba Umoru ya ga shimfiɗa mai laushi, ya sunkuya zai tuɓe takalmi. Alhaji ya riƙe hannunsa da haƙuri irin na manya.

"Baba, nan wata duniya ce. Ku dai ku riƙa kallona."

Da ƙyar suka hau kujerun. Malam ya zaro wasiƙar da hukumar birni ta aiko kan gyaran kwatar. Alhaji ya dube ta daidai ƙiftawar ido, ya dangwala yatsa a ƙasanta.

"Irin waɗannan na ga ɗari. Nan za a sa hannu, shi ke nan."

Mai kawo abin sha ta zo ta rusuna ta gaida su. Ruwaida ce, 'yar Hajiya Asana mai shinkafa da wake a bayan masallacin unguwa. Alhaji ya amsa ta hanci, kamar yau ya fara ganinta, ya nuna layinsa na kullum, ya ɗaga yatsu uku.

Kofuna suka iso da laimominsu. To, Malam Kamaluddin yana da wata tsohuwar ɗabi'a ta mutanen da: ba ya kai abu baki sai ya ji sunansa.

"'Yata, me ke cikin wannan?"

"Malam, a nan ba a tambaya," in ji Alhaji yana murmushi.

Ruwaida ta dubi ƙasa. Malam ya ce ta faɗi.

"Baba, wanda Alhaji ya nuna, giya iri uku ce a cikinsa. Ga shi an rubuta a ƙasan sunan."

Baba Umoru ya saki salati. Alhaji ya tuna wata shida na hotuna, ya ji doguwar kujerar ta ƙara tsawo.

"Amma wallahi bai taɓa sha ba," ta ce da sauri. "Tun ranar farko da na ga inda yatsansa ya sauka, na ce mutumin sahun gaba ne a masallacinmu. Sai na zuba masa lamurjen da Mama ke haɗo mini a gora, na sa ƙanƙara da laima. Ku ma shi na kawo muku."

Baba Umoru ya kurɓa, ya tsotsi baki.

"Na Asana ne. Citta ta yi yawa, kamar kullum."

Malam ya yi bisimilla ya sha nasa a natse. Da ya ajiye kofin, ya ɗauki wasiƙar ya miƙa wa Ruwaida. Ta karanta musu layi-layi, har ƙananan baƙaƙen da ke saman wurin sa hannu, inda aka ce jama'a sun yarda a rushe duk katangar da ke gefen kwatar. Katangar makarantar Malam tana ciki. Garejin motar Alhaji ma haka.

Malam ya naɗe wasiƙar a hankali.

"'Yata, wace rana kike hutu? Kwamiti zai zauna."

"Laraba, Baba."

"To Laraba muke zama."

Ya juya ya yi wa Alhaji godiya mai yawa, ya ce an sha, Allah ya ƙara buɗi. Maganar kujera kuwa ba wanda ya tayar da ita.

Da suka tashi tafiya, Alhaji ya shige gaba kamar yadda ya dace da mai masauki. A cikin lif ya tsaya gaban maɓallan da yatsa a sama, ya daɗe yana dubansu. Ruwaida, da ta rako dattawa, ta miƙo hannu ta gefen babbar rigarsa ta danna na ƙasa.