Gadar da Barau Ya Haye Jiya

Wani mutum ne wai shi Barau, ɗan Funtuwa. 'Yan watanni ke nan da saukarsa wani ƙaramin gari a Jamus, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Ko waya ya bugo gida, da ƙyar yake tuna Hausa.

Rannan kawunsa, Alhaji Nalado, ya je ƙasar sayen tsofaffin injinan niƙa, ya biya ya kwana wurinsa. Da safe zai kama jirgin ƙasa zuwa filin jirgin sama, tashar kuwa tana hayin kogi. Alhaji ya ce a kira tasi.

"Haba Kawu! Tasi ai sai baƙi. Akwai wata gadar ƙafa nan baya, yanke ce. Jiya-jiyan nan na bi ta kanta."

Alhali hotonta kawai ya taɓa gani a bangon wani kanti.

Suka kama hanya. Alhaji na jan akwati ƙiiii, yana haki. Barau na gaba yana hura hanci, yana ɗaga wa Turawan da ba su san shi ba hannu. Suna isa bakin ruwa suka yi turus! Ba gada, ba dalilinta. Sai guntayen ginshiƙan dutse a tsakiyar kogi kamar haƙoran tsohuwa, gansakuka ta rufe su, agwagi sun hau suna shan hantsi.

"Barau, ina gadar?"

Gogan ya sosa ƙeya. "Ka san Bature da tsabta, Kawu. Da asuba suke kwance ta su kai wanki."

Kafin ya rufe baki, sai ga jirgin Alhaji can hayi, fiiit, ya wuce abinsa.

Alhaji ya matsa jikin wani allon ƙarfe da aka kafa a bakin gaɓa. Zane biyu ne a jiki: ɗaya gada tsaye, ɗaya ambaliya na tafiya da ita, an rubuta 1784 a ƙasansa. Jamusanci dai bai iya ba, amma lamba ya iya.

Ya juyo a hankali, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Barau.

"Kawu, lafiya?"

"Ka yafe mini, ban san ka girmi kakan kakana ba. Ina kwana, Baba?"