Layin Gwaggo Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jaririn Nura, ɗan gwaggona, ba, ko da na so in manta, don har yau in na ji an kunna lasifika sai in sulale in bar wajen.

Sana'ata sayar da intanet ce. Kada ka ɗauka wani babban kamfani ne (ni ne manaja, ni ne mai hawa tsani, ni ne mai shan zagi). Ina saro sabis, in raba wa shaguna da gidaje ta eriya. Wuraren sarina biyu ne. Akwai layin da nake karɓa daga wani kamfani na Kano, mai ƙarfi, ba ya rawa, sai dai tsadarsa ta sa ɗan kaɗan nake iya saye. Akwai kuma na sim, a cikin wata 'yar na'ura a shagona na Birnin Kudu, mai araha, amma yau ya yi gudu gobe ya kwanta. Rauta, wato akwatin da ke raba hanya, ita ke cewa wane ya bi ta Kano, wane ya bi ta sim, bisa dokar da na rubuta mata.

Daga Birnin Kudu nake harba sabis ɗin zango-zango har Gwaram, kuma zangon ƙarshe a kan benen Gwaggo Ladi yake, ƙanwar babana. Duk unguwar babu ginin da ya kai shi tsawo. In ta ce in sauke ƙarfen eriyata, kwastomomina na Gwaram gaba ɗaya sun tafi. Sharaɗinta ɗaya ne tun farko: a bar mata sabis a gida ta riƙa ganin autanta Nura, wanda ke karatu a Masar.

To, Gwaggo ba ta san a kashe waya ba. Tun hantsi za ka ga kiran bidiyo a buɗe har la'asar, ya cinye rabin ɗan layin Kanon da nake lallaɓawa. Masu shaguna suka fara kirana suna cewa abu ba ya tafiya. In tunkare ta? Wa ya isa. Sai na yi irin ta matsorata: na rubuta doka a rauta cewa duk abin da ya fito daga gidanta ya bi ta sim. Kowace doka kuwa ana sa mata suna don a gane ta, ni kuma raina a ɓace yake ranar. Na rubuta abin da na rubuta, ƙorafi ya tsaya, watanni suka wuce, na manta da zancen sam.

Da matar Nura ta haihu, Gwaggo ta kira ni.

"Kai, ɗan nan. Auta ba zai samu zuwa ba. Ina so ya ga raɗin suna da idonsa, ya ji da kunnensa. Wannan abin naka zai iya?"

Na ce, "Haba Gwaggo, layin Kano fa nake da shi. Kamar yana tsakar gidan nan za ki gan shi."

Ta ce, "To. In ka kunyata ni a gaban surukaina, ka zo da tsaninka."

Ban yi barcin kirki ba a makon. Na hau benen na ƙara ɗaure eriya, na sauya batir, na goge farantin eriya har da tsumma (wanda ba ya ƙara komai, amma hankalina ya ɗan kwanta). Komai na duba, ban da abin da ya kamata.

Ranar suna tun da sassafe ƙofar gida ta cika. Ga dangin mai jego daga Dingaya, ga abokan marigayi mijin Gwaggo, ga liman a kan darduma, ga rago a ɗaure. Na haɗa wayata da sabis ɗin gidan, na kuma haɗa ta da lasifika don maza a waje da mata a ciki duk su ji muryar Nura. Na tsaya a soro, tsakanin ɓangarorin biyu, ina ta gyara hula kamar wani babban jami'i.

Na kira. Fuskar Nura ta fito, ya buɗe baki zai yi sallama, sai hoton ya daskare a haka, baki a buɗe. Na kashe na sake kira. Muryarsa ta zo a gutsuttsure, ta ɗauke. Liman ya duba rana, ya dube ni. Wani dattijo ya ce mahauci fa yana da wani gidan. Daga cikin gida na ji Gwaggo tana tambaya, a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro, "Ya fito?"

Nan take na yanke hukunci cewa laifin mutanen Kano ne. Na kira injiniyansu, wani natsattsen mutum da na taɓa ba shi damar shiga rautata in matsala ta taso. Na ga wayar tana haɗe da lasifika, kuma da gangan na bar ta, don kowa ya shaida ba daga ni ba ne.

Na ce, "Injiniya, wannan wane irin wulaƙanci ne? Ina cikin taro layinku ya mutu!"

Ya ce, "Malam, layinmu lafiya lau. Bari in leƙa wajenka." Yana dubawa, ni kuma ina girgiza kai ina kallon jama'a. Can ya ce, "Ai gidan da kake ba ta wajenmu yake bi ba. Kai ka tura shi kan sim, sim ɗin kuma ya cushe. Ga dokar nan, ka sa mata suna 'Gwaggo Rediyo, ba ta gajiya da zuba'. In cire?"

Lasifikar nan ba ta taɓa fitar da murya tas kamar ranar ba.

Wani ya yi tari. A cikin gida wata ta fara dariya, aka ce mata ke. Ni kuwa sai na ji muryata kamar ta wani tana cewa, "Cire, Injiniya. Don Allah cire."

Yana cirewa Nura ya fito garau, har ana ganin hawayensa lokacin da liman ya faɗi sunan, sunan marigayi mahaifin Nura. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Ni dai ban san ɗanɗanon komai ba, lissafin yadda zan zo da tsanina in sauke ƙarfena kawai nake yi.

Da jama'a suka ragu ta aiko in shiga. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Gobe zan zo in sauke."

Ta ce, "Bar ƙarfenka, mutane na cin abinci da shi. Amma ba zuba nake yi ba, ɗan nan. Jingine wayar nake yi a jikin kwano, shi yana karatunsa, ni ina tsintar shinkafata. Wani lokacin ma ba ma cewa komai. Tun da babansu ya rasu gidan ya yi mini shiru."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A makon na ƙara yawan abin da nake saye daga Kano, na mayar da gidanta sahun gaba, kuma ban yi wa kowa ƙorafin tsada ba. Dokokina yanzu lambobi nake sa musu, kamar ɗakunan asibiti, kuma ba na kiran injiniya sai na leƙa rautata tukuna, a ɓoye, ba lasifika.

Sunan dai ya bi ta, kuma ita ta riƙe shi da kanta. Duk sanda sabis ya ɗan yi rawa wayata za ta yi ƙara, in ɗauka, in ji ta ce, "Rediyo ce. Yau kuma ta wace hanyar ka tura ni?"