Ranar da Na Nema wa Ƙanina Auren Aljana

Ni na matsa wa Baffa ya bar mini magana ranar neman auren ƙanina a Gwaram, wai ni na iya bakina. Tun daga Birnin Kudu kuwa ina cikin mota ina karatun littafi na huɗu na wani labarin jarumai, raina a ɓace don jarumin ya ƙi auren Badariyya, gimbiyar aljanu.

Muka zauna, baffan yarinyar ya ce, "Malam, wacce kuka zo nema?"

Na gyara hula, na ce, "Badariyya."

Baffan yarinyar ya ce, "Mu dai Hauwa gare mu."

An ba mu Hauwa. Amma har yau in ta gaishe ni sai ta ƙara da, "Yaya, ya surukanka mutanen ɓoye?"