Wayar Da Aka Hana Kaka Ɗauka

"Lafiya ƙalau, Amarya. Yau kuma da wace fitinar kika shigo mini?" in ji Kaka.

"Na zo raba ka da budurwarka ne, Ango," in ji jikar, tana nuna wayar da ke kan tebur.

Kaka ne ya kafa wannan ofishin gyaran famfo tun gashin kansa yana baƙi. Yanzu jikarsa ce ke riƙe da shi. Ma'aikata Manaja suke ce mata, shi kuwa ko a gaban baƙi Amarya ce. Aikin da ya rage masa shi ne amsa wayar tebur, to amma gwiwa ta fara yi masa gardama. In ya fita shan iska a bencin bakin ƙofa, kafin ya lallaɓo wayar ta katse. Jiya wani otal da bututu ya fashe musu suka yi ta kira, da ba a ɗauka ba suka ba wasu aikin. Ba wanda ya ce masa uffan, wannan shirun ne ma ya fi tsorata shi, domin daga irinsa sai ka ji an ce tsoho ya koma gida ya huta.

Ta jawo wayar tana danne-danne. "Zan saita ta ne. In aka kira ba a ɗauka ba, sai kiran ya wuce wayata ta hannu."

"Ruwa ba ya tsami banza. Wato juyin mulki za ki yi mini da rana tsaka."

"Mulkin gyangyaɗi? Zamani riga ne, Tsoho."

"Ke da na gani kina cin ƙasa kina rarrafe, yau ke ce zamani?"

"Na dai daina cin ƙasa, kai kuwa haƙoran cin komai sun ƙare. Na gama. Zan kira mu gwada, kada ka taɓa ta, ka bar ta ta yi ta ƙara."

Ta kira. Wayar ba ta gama buɗe baki ba Kaka ya cafke ta kamar shaho.

"Ofishin gyaran famfo, ina ne ke yoyo?"

"Kaka! Ni ce fa, ga ni a gabanka!"

"To ai na amsa miki. Wace amarya ce ke fushi don ango ya ɗauki wayarta?"

"Sabo turken wawa. Zauna a kan hannuwanka."

Ya zauna a kansu kuwa. Ta sake kira, wayar ta kama ƙara, Kaka yana mutsu-mutsu kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando. A wurinsa barin waya tana kuka daidai yake da barin baƙo yana sallama. Can wayar ta yi shiru. Manaja ta ɗaure fuska, domin an ce mata ana amfani da layin.

"Tsaya," in ji Kaka. "Da wace waya kika kira?"

"Da tawa."

"Kiran kuma ina zai wuce?"

Ta dubi wayar da ke hannunta. Dariya ta ƙwace wa Kaka har da buga tebur.

"Kin aiki kanki, kin je kin tarar ba kya nan! Wallahi a dawo mini da kayan aurena, na fasa."

"Wa zai karɓe ka in na sake ka? Kawo taka wayar mai kama da sabulu in kira da ita."

Ya miƙa mata, sai dariyar ta gudu. Ya dubi kujerar da ta lotsa daidai zamansa.

"Amarya, gaya mini gaskiya. In wayar nan ta koyi bin ki duk inda kike, ni zaman me zan yi a nan?"

Ta ɗan dube shi, tausayinsa ya kama ta, amma jika ba ta nuna wa kaka haka a fili.

"Zaman cika mini kunne. Tashi ka koma bencinka. In ka ji ƙara, ka taho yadda ka saba, ban ce ka yi tseren samari ba."

Ya fita. Ta kira, ya taso yana dogara bango. Ko akwatin kayan aiki bai wuce ba kiran ya tsallake, wayarta ta ɗauki kiɗa.

"Ka gani? Kunkuru ma da ya iso ya sha ruwa."

"Tafiyar manya ce, ke me kika sani?"

Ta ƙara wa wayar lokacin jira, ta ce ya koma. Ya sake tahowa, ya kusa teburin kiran ya suɓuce. Ta ƙara, tana mitar cewa masu kira za su tsufa a layi. A zuwa na gaba ya iso, ya gyara hula, ya zauna, sannan ya ɗauka a tsanake.

"Ofishin gyaran famfo, ina ne ke yoyo?"

"Bakin wani tsoho ne, tun safe ya ƙi tsayawa," ta ce daga wayarsa. Ta kashe. "To shi ke nan, da ƙafarka na auna ta. Kullum sai ta jira ka tukuna. In ta zo wurina, to ka yi barci ne, kuma sai na faɗa wa duniya."

Kaka ya yi dariya har da share ido, ya ce iska ce. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko alawar da yake ɓoye wa ma'aikata, ya tura mata duka ledar.

"Kin ci, Amarya. Aure ya ɗauru. Amma ki matsa daga teburina, aiki nake yi."