Yadda Za Ka Hana Wake Ruwa a Gidan Inna Cima

Kai sabon mushe, wato malamin boko, da aka turo ka koya wa 'ya'yan manoma yadda shuka ke tsirowa, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai sunanka ya kai kunnen kwamanda, Nasaran da ke mulkin ƙasa. Mushe Lurwanu ya bi su a wani gari na ƙasar Buza, cikin Adar, har yau ana ba da labarinsa.

1. Fara da tsoro

Nasara mai duba lakwal, wato makaranta, yana tafe. Malamin da bai gamsar da shi ba kuwa, can arewa ake cilla shi cikin rairayi, inda raƙumi ma sai ya yi kuka kafin ya ga rijiya. Da Lurwanu ya ji haka, ko furarsa bai iya shanyewa ba. Kai ma ka tsorata. Malamin da ba ya rawar jiki bai fara aiki ba.

2. Samo tukwane biyu

Littafin Faransa ya ce a shuka wake cikin tukwane biyu. Idan ya tsiro, a shayar da ɗaya, a hana ɗaya, yara su gani da idonsu cewa shuka na son ruwa. Kada ka damu don iyayensu sun fita roƙon ruwa bana har muryarsu ta dushe. Abin da ba a gani cikin tukunya ba, ba a san shi ba tukuna.

3. Ajiye su inda tsohuwa za ta gani

Lakwal ɗin rumfar zana ce, awaki na shiga ba sallama. Sai Lurwanu ya kai tukwanen masaukinsa, gidan Inna Cima. A gidan nan ko jakin baƙo ba ya wucewa bai sha ruwa ba.

Ta dubi waken da ya fara langaɓewa. "Mushe, wanga mi ya yi maka?"

"Ba komi, Inna. Gwaji na."

"Ɗan'uwanai na sha, shi shina kallo? Kai, ji tsoron Allah!"

4. Sa ta yi alkawari, ka tafi aiki hankali kwance

Ta yi alkawari ba za ta shayar da shi ba, kuma ta cika. Alwala kawai ta koma yi a gindinsa. In ta wanke gero, nan hannunta ke suɓucewa. Maƙwabta suka ji labarin marayan wake, kowace ta zo gaisuwa da ludayi a ɓoye cikin zane. Wake ya miƙe, ya yi ganye, ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. Lurwanu ya yi faɗa, ya yi magiya, ya kai shi bayan rumbu. Can ma aka bi shi da sadaka.

5. Ranar duba, ɗaga kai sama

Nasara ya sauka daga doki, aka jera tukwane. Yara suka nuna wanda aka hana ruwa, suka rera da Faransanci kamar yadda aka koya musu: "Shukar da ba ruwa mutuwa take yi!" Ita kuwa shukar har fure ta yi.

Nasara ya dubi wake, ya dubi Lurwanu. Nan fa, kada ka kuskura ka ce tsohuwa ta fi ƙarfinka. Lurwanu ya ce, "Ranka ya daɗe, waken Adar ke nan. Ko ɗigo ban ba shi ba."

Bai yi ƙarya ba, shi dai bai ba shi ba.

6. Karɓi ladanka

Nasara ya cire hula, ya kama hannun Lurwanu yana girgizawa kamar zai tsinke shi. Mutumin da ke fid da wake ba ruwa, in ji shi, asara ce a bar shi inda ake damina. Arewa ke bukatarsa!

Ranar tafiya Inna Cima ta ɗaura masa tukunyar a bisa raƙumi, ta rataya salka cike da ruwa, tana share hawaye. Shi ma idonsa ya kawo, don ya san ya yi rashin uwa. Ya miƙa hannu zai taɓa salkar, ta buge hannun.

"Ruwan ga na wake na, Mushe. Kai ka yi karatu, ka iya haƙuri."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a bisa raƙumi, shi da wakensa, ban aike shi ba, ban san shi ba. Ni ne mushen da aka kawo a madadin Lurwanu, a gidan Inna Cima nake cin tuwo, saboda haka ban ga wanda ya zuba komai ba.