Ranar da Na Saci Keken Mijina

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gangara bakin gulbin Gaya a kan keken guragu ba, ni da ƙafafuna biyu lafiya lau. (Hadiza, rubuta yadda na faɗa. Ni uwarki ce, kunyar kuma tawa ce.)

Keken na Malam ne, mijina, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin yana tuƙa kwalekwale kafin ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Ƙungiyar naƙasassu ta garinmu ta ba shi keke mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu. Aro ne, an faɗa mana tun farko: in mai shi ya rasu, sai a miƙa wa na gaba. Malam ya ce ai tuƙi tuƙi ne. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu a ƙofar gida, in ɗauko fura.

Da ya rasu, na shigar da keken ɗakina. Duk tsawon takaba ina kallonsa ina kuka. Makamar da ake murzawa ta sha tafin hannunsa har ta yi santsi. In na kama ta, sai in ji kamar hannunsa na kama.

Ina fita takaba sai ga Malam Garba, shugaban ƙungiyar, da sandunansa biyu. Ya yi gaisuwa, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Inna, akwai wata baiwar Allah, Zali, mai sayar da kifi. Shekara biyu tana jira."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Wayyo, ai dangin Malam sun tafi da shi garin Karakara."

(Malam ba shi da ko kaza a Karakara.)

Ya dubi labulen ɗakina, ya ce, "To, Inna. Jibi zan dawo da mai gyara, ko akwai ƙarafan da suka rage."

Daga nan zama ya gagare ni. In shiga, in fita, in lulluɓe keken da tabarma, in yaye. Na ɗora tukunya na manta da wuta. Washegari da hantsi na yanke shawara: zan kai shi gidan ƙanwata da ke bakin gulbi in ɓoye.

Da turawa na fara. Amma gwiwa ta matsa mini, kuma, gaskiya, ina son in zauna inda yake zama ko sau ɗaya. Na hau, na ja mayafi na rufe fuska, na murza. Daɗi! Har na ce a raina, ashe haka kake ji, Malam.

Abin da ban tuna ba, hanyar gulbi gangara ce. Abin da ban taɓa tambaya ba kuwa, ina birki yake.

Keke ya ɗauki gudu. Makama na juyawa da kanta tana bugun ƙirjina. Na laluba, hannuna ya faɗa kan ƙararrawa, na yi ta kaɗawa ina salati. Ni da na fito ɓoyewa, sai ga shi ina kiran gari. Awaki suka watse, mayafi ya tashi, na wuce gidan ƙanwata ko sallama babu. Ban tsaya ba sai cikin kwandunan masu kifi, tarwaɗa ɗaya a cinyata tana mutsu-mutsu.

Mata suka taru. "Sannu, Inna! Ku ɗaga ta, ba ta da ƙafa!" Sai na miƙe tsaye zumbur.

A gefe, kan benci, Malam Garba ne zaune. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Inna, barka da hanya. Ya mutanen Karakara?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har Malanbil, can tsallaken gulbi. Mace ɗaya ce ba ta yi ba. Ta rarrafo daga bayan kwandon da na kifar, takalman roba a tafin hannuwanta, tana tsince kifinta daga yashi. Ta ce, "Ba ki ji ciwo ba dai, Inna?"

Zali ce. A nan na fashe da kuka, ba don gwiwata ba. Na ce, "'Yata, hau. Naki ne tun wata huɗu." Na gaya mata ƙararrawar kawai ke riƙe da ni.

Yanzu kullum in za ta kasuwa sai ta biyo ta ƙofar gidana ta kaɗa sau biyu. Har yau ina kuka in na ji, amma ina fitowa da fura.

Abin da na koya? Kayan da aka yi don tafiya ba a kulle shi a ɗaki. In kuwa tsohuwa ta nace sai ta sata, to ta fara tambayar inda birki yake.