Hutun da Na Goge wa Kakana Aska

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zauna, da hankalina da komai, na goge wa kakana fuska ba.

Ban tarar da shi a duniya ba, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ya rage kaset ne na bidiyo, na bikin Babana a Zakka, wanda ya kwanta a adakar Kaka har ya yi fumfuna. Da idonta ya fara hazo sai ta kira ni (ni ne jikan da ba ya wuce ƙofar gida, kullum littafi).

"Angona," in ji ta, "kafin idon nan ya rufe, ina son in sake ganin Malam."

Na aro tsohon bidiyo wurin mai gyaran rediyo a Safana, na share zaren kaset ɗin da auduga a hankali, na jona da kwamfutata. Sai ga Zakka ta wancan zamani ta taso. Mutane na tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa, hasken rana ruwan ɗorawa, shanu na giftawa bayan dangar kara. Can tsakiya wani dogon mutum, daidai yadda Kaka ke kwatanta kakana, ya juyo yana murmushi, minti biyu kacal. Na yi ta maimaita wurin har na ji kamar ni yake kallo.

Sai dai hoton duk karce ne da ɗigo-ɗigo kamar dusa. Na rage dusar, na daidaita launi, amma wasu layuka suka ƙi barin kumatunsa. Na yi rantsuwa Kaka ba za ta ga mijinta da datti ba. Sati uku ina bin su hoto bayan hoto, ban nuna wa kowa ba, har fuskar ta yi sumul kamar ƙwai. (Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba me ya sa karcen ke bin mutum duk inda ya juya.)

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a ɗakin Kaka: Baba, gwaggonnina, har maƙwabta. Na kunna, na sunkuyar da kai ina jiran yabo. Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe.

"Wannan baƙon fa, daga ina?"

"Malam ne, Kaka," na ce, muryata can ƙasa.

"Malam wa? Ina askarsa? Mutumin da ko a cikar kasuwar Batsari da zanensa nake gane shi, ka kawo mini mai fuskar jariri?"

Gwaggo Asabe ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Inna, kishi ne! Angonki ya ga ba shi da zane, ya goge na magabacinsa!"

Baba bai yi dariya ba, ya dai shafa kuncinsa ya kalli ƙasa. Ni kuwa gumi har cikin kunnena. Kaka ta ja baya ta ce a kashe, ita ba ta kallon mazan mutane.

Allah Ya taimake ni, ban goge kwafin farko ba. Na buɗe shi, da dusarsa da karcensa. Mutumin ya sake juyowa daga cikin hazo. Kaka ta ɗora yatsa a kuncinsa tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ga wannan gajeren? Hannun wanzami ne ya goce." Ta shafa fuskarsa. "Sannu, Malam. Ka daɗe."

Tun daga ranar, kafin in gyara komai sai na nemi tsohuwa na tambaye ta ko ya lalace.